Wasanni Biyu a Kan Gwiwa Ɗaya: Shekarun da Na Yi a Filin Wata Kwaleji a Amurka

An haife ni a Kaduna, a gidan da babu wanda ya taɓa ɗaukar wasa a matsayin hanyar cin abinci. Mahaifina ya yi aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri har zuwa lokacin da masaƙun suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya koma sayar da yadi a kasuwa, kuma tun daga wannan lokaci ya ƙudurce a ransa cewa takardar ilimi ce kaɗai abin da ba a rufe wa ƙofa. Ni kuwa Allah ya yi ni da jiki tun ina ƙarami, na fi duk sa'o'ina tsawo da faɗin kafaɗa, har malamin motsa jiki na makarantarmu ta sakandare ya fitar da ni daga cikin masu buga ƙwallo ya ɗora mini dalma a tafin hannu, ya nuna mini yadda ake manna ta a gefen wuya a tura ta da ƙarfin ƙafa da ƙugu. Daga baya ya haɗa mini da jifan faifai. A shekarar 2009, lokacin da Kaduna ta karɓi baƙuncin gasar wasanni ta ƙasa, na zauna a filin wasa na Ahmadu Bello na ga manyan masu jifa daga jihohi daban-daban, kuma a nan na fara yarda cewa wannan abu da muke yi a bayan aji yana iya kai mutum wani wuri.

Wani koci da ya taɓa zama a ƙasar waje ne ya ɗauki bidiyon jifana ya aika wa kwalejoji a Amurka, wata ƙaramar kwaleji da ke yankin da dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa watanni ta amsa, ta yi alkawarin biyan wani kaso na kuɗin karatuna. Ragowar kuwa 'yan uwa ne suka yi karo-karo, mahaifiyata ta sayar da abin da ta adana tun na aurenta. Daren da zan tafi mahaifina ya kira ni ɗakinsa ya ce, "Ka ji ni da kyau, takarda na tura ka nema. Jifan nan abin hawa ne kawai, kada ka manta da inda za ka sauka." Na ce, "To Baba, in sha Allahu."

Shekarar farko ta tafi a kan jifa da karatu da koyon zama da sanyi. Dalmar manyan maza nauyinta kilo 7.26 ne, faifai kuma kilo 2, kuma na yi sa'a jikina ya karɓi horon da ake yi a can, inda ake auna abincin mutum da barcinsa da nauyin ƙarfen da yake ɗagawa. Kafin shekarar ta ƙare na shiga cikin waɗanda ake lissafawa a gasar rukunin kwalejojinmu. To amma kuɗin da ɓangaren guje-guje da jifa ke iya bayarwa kaɗan ne, domin a mataki na biyu na hukumar NCAA, wadda ke kula da wasannin kwalejoji, abin da aka yarda a raba wa dukan mazan wannan ɓangare bai wuce kimanin cikakken tallafi 12.6 ba, alhali ƙwallon zari-ruga irin na Amurka, wanda su suke kira futbol, an yarda masa har 36. Duk ƙarshen zango sai na tarar da gibin da dole a cike daga gida, kuma na san halin da gidan yake ciki.

A ɗakin ɗaga ƙarfe kocin futbol ya same ni. Ya tsaya yana kallona, sannan ya tambaye ni ko na san Christian Okoye. Ya ba ni labarinsa, ni ma daga baya na bi diddigi na tarar gaskiya ya faɗa. Okoye mutumin Enugu ne da ya tafi Jami'ar Azusa Pacific da ke Kaliforniya a 1982 domin jifan faifai da dalma da guduma, ya ci kambuna da dama a gasannin ƙasa na kwalejojin Amurka, amma da ba a saka shi cikin tawagar Najeriya ta gasar Olamfik ta 1984 ba sai ya juya ga futbol, wasan da bai taɓa bugawa ba. A 1987 ƙungiyar Kansas City Chiefs ta ɗauke shi a zagaye na biyu na zaɓen sababbin 'yan wasa, a 1989 kuma ya fi kowa gudu da ƙwallo a gasar NFL, babbar gasar ƙwararrun 'yan futbol ta Amurka, da yadi 1,480. Kocin ya ce idan na yarda na haɗa wasannin biyu, za a ƙara mini tallafin da zai rufe kusan dukan gibin. Ban yi dogon tunani ba, domin abin da ya fara zuwa raina shi ne mahaifiyata ba za ta sake sayar da komai ba.

Wasan yana da wuyar fahimta ga wanda bai tashi da shi ba. Mutum 11 ne a kowane ɓangare, filin yadi 100 ne tsakanin layin cin maki na wannan gefe da na wancan, kuma masu riƙe da ƙwallo suna da dama huɗu su ci yadi 10, idan sun kasa ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Ni an ajiye ni a sahun gaba na masu tsaron baya, aikina in ture ƙaton da ke gabana in kai ga mai jefa ƙwallo kafin ya jefa. Akwai littafin dabaru mai kauri da dole a haddace, da lambobin da ake kira a fili cikin hayaniyar 'yan kallo. Horona na farko ya faɗo a watan Agustan 2011, wanda ya zo daidai da azumin Ramadan, ga zafin bazara, ga hular kwano da sulken kafaɗa, ga rana mai tsawo da ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe takwas na dare. Abin da ya ƙarfafa mini zuciya shi ne labarin Husain Abdullah, wanda ya yi azumi yana tsakiyar horon ƙungiyar Minnesota Vikings, kuma a 2012 shi da ɗan uwansa Hamza suka ajiye kakar wasa gaba ɗaya domin su sauke farali. Masu kula da lafiyarmu sun tsara mini abin da zan ci da sahur da buɗa-baki, kuma ina yi musu shaida a kan wannan har yau.

Nasarar ta zo da wuri fiye da yadda kowa ya zata. Ƙarfin ƙugu da saurin juyi da jifan dalma ya koya mini su ne ainihin abin da ake buƙata wajen tashi daga durƙuso a bangaje mutum, don haka a kaka ta biyu na zama cikin masu fara wasa, aka kuma saka sunana cikin zaɓaɓɓun 'yan wasan rukuninmu. A wannan shekarar dai na ci gasar rukunin a jifan dalma, na goge tarihin da ya daɗe a allon makarantar. Jaridar garin ta buga hotona gida biyu, ɗaya da hular kwano, ɗaya da dalma a wuya. Amurkawa suna da ƙauna ta musamman ga ɗan wasan da ya haɗa wasanni, domin suna da Jim Thorpe, wanda ya yi fice a futbol a makarantar Carlisle sannan ya ci zinare biyu a Olamfik ta 1912 a Stockholm, suna da Bo Jackson na Jami'ar Auburn, wanda ya ci kyautar Heisman, ta gwarzon ɗan futbol na kwalejoji, a 1985 yana kuma buga besbol yana gudu, suna da Deion Sanders da Charlie Ward na Jami'ar Jihar Florida. A ƙaramin gari irin namu ba a rasa mai kwatanta ka da su, ko da kuwa tsakaninka da su akwai tafiyar da ba za ka taɓa cinyewa ba. Na ji daɗin wannan yabo ƙwarai, na kuma aika jaridar gida, aka ce mini mahaifiyata ta zagaya da ita gidajen maƙwabta.

Abin da hotunan nan biyu ba su nuna ba shi ne yadda shekarar take tafiya. Futbol yana farawa a Agusta ya kai Nuwamba. Kafin kumburin kafaɗa ya saɓe an shiga gasannin jifa na cikin zaure, daga tsakiyar hunturu zuwa Maris. Daga nan sai horon bazara na futbol ya haɗu da gasannin jifa na waje, har akwai makonnin da nake cire sulke da yamma in hau motar da za ta kwana a hanya da mu zuwa gasar jifa washegari. Yuni da Yuli kuma na ɗaga ƙarfe ne da gudu. Dokar NCAA ta ce kada horo ya wuce awa 20 a mako a lokacin kaka, sai dai tafiye-tafiye da zaman jinya da abin da ake kira horon ganin dama ba sa shiga wannan lissafi, kuma mai wasa ɗaya yana da watannin da jikinsa ke hutawa, ni kuwa ina fita wannan kaka ina faɗawa waccan. Kowane koci yana ganin rabin da ya shafe shi, yana kuma da gaskiya a kan rabin nan, amma jikin da ke ɗauke da duka biyun guda ɗaya ne. Ina jifa da hannun dama, saboda haka ƙafar hagu ce nake kafawa in tsayar da dukan ƙarfin juyin, ita ce kuma nake turawa da ita idan zan tashi a sahun futbol. Ta daɗe tana yi mini ciwo, ana ɗaure ta da bandeji ana ɗora mata ƙanƙara, domin a wannan duniyar ciwon da bai hana ka tafiya ba ba a kiransa rauni.

A kakar 2013, a wani wasa da muka je waje cikin sanyi, na kafa ƙafar hagu zan juya in bi mai ƙwallo, wani ya faɗo a gefen gwiwar, na ji ƙarar wani abu ya tsinke a ciki. Hoton MRI ya nuna cewa jijiyar da ke tsakiyar gwiwa, wadda likitoci ke kira ACL, mai hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba, ta tsinke gaba ɗaya, guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan shi ma ya yage. Likitan ya yi mini bayani a tsanake cewa wannan jijiya ba a ɗinke ta, sai dai a yanko wani yanki daga jijiyar da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa, a huda ƙasusuwan a dasa shi a madadinta, kuma kafin in sake tunanin fili sai an yi wata tara zuwa shekara. Ina jin maganarsa, amma hankalina yana kan wani lissafi dabam. Tallafin karatuna na shekara ɗaya ne da ake sabuntawa, bizata ta ɗalibi kuma tana raye ne muddin ina cikakken karatu, cikakken karatu kuwa sai da kuɗi. Sai na ga ashe karatuna da zamana a ƙasar da wahalar iyayena duk a kan gwiwar nan ɗaya suke tsaye.

Watannin da suka biyo bayan tiyatar su ne mafi duhu a rayuwata. Ina tafiya da sandunan dogarawa a kan ƙanƙara mai santsi zuwa aji, cinyar da na yi shekaru ina ginawa ta motse har na daina son kallonta, kuma a ɗakin gashin ƙashi abin da ake nema daga gare ni shi ne in miƙe ƙafar sosai in ɗaga ta daga kan gado, abin da yaro ke yi ba tare da tunani ba, ni kuwa sai gumi ya karyo mini. Abokan wasana mutanen kirki ne, sun zo duba ni, amma kaka ba ta jiran kowa, an ba wani wurina, hirarsu ta koma kan wasannin da ban buga ba, a hankali na fara gudun haɗuwa da su. An ba ni ƙwayoyin kashe zafi masu ƙarfi bayan aikin, kuma da na lura na fara jiran lokacin shan su domin su kwantar mini da tunani, ba domin zafin ƙafa ba, sai tsoro ya kama ni, na kai ragowar wurin ma'aikaciyar jinya na gaya mata dalili. Ta saurare ni ba tare da ta raina ni ba, ta haɗa ni da mai ba ɗalibai shawara. Ina faɗin wannan a fili domin na san matasa da yawa, a can da kuma nan gida, ta wannan ƙofar suka shiga abin da suka kasa fita.

Gida kuwa na ɓoye musu girman abin na wani lokaci, ina cewa targaɗe ne, domin ban san yadda zan gaya wa mutanen da suka yi karo-karo cewa jarinsu yana kwance a kan gado ba. Mahaifiyata ce ta gane daga muryata. Ta ce, "Kai dai ka gaya mini gaskiya, ni na haife ka." Na fashe da kuka na gaya mata komai. Ba ta tambaye ni kuɗi ko wasa ba, tambayarta ita ce wa ke dafa mini abinci, kuma yaya nake sallah. Na ce a zaune nake yi, Inna. Ta ce Allah ya san da zaman. Akwai wani ƙaramin masallaci a garin da ɗalibai da wasu likitoci 'yan Pakistan da Sudan suka kama haya, wani dattijo daga cikinsu ya ɗauki nauyin zuwa ɗaukata duk Juma'a, matarsa kuma tana aiko mini da abinci. Ba zan iya biyan waɗannan mutane ba, addu'a nake bin su da ita.

Da bazara ta zo aka aiko mini da takarda cewa kason futbol na tallafina ba za a sabunta shi yadda yake ba. Doka ta hana a yanke wa ɗan wasa tallafi a tsakiyar shekara saboda rauni, amma ba ta tilasta a sabunta masa ba idan shekarar ta ƙare, abin da ta tanada shi ne a sanar da shi kafin 1 ga Yuli a kuma ba shi damar ɗaukaka ƙara a gaban wani kwamiti. Na shiga gaban kwamitin da takardun jarrabawata, na yi musu bayani, aka mayar mini da wani kaso. An kuma nuna mini cewa idan na dawo fili na nuna ƙafar ta warke, ana iya mayar da sauran. A nan ne shawarar ta tsaya a kaina. Zuciyata tana son komawa, domin babu abin da ya kai ihun 'yan kallo daɗi ga saurayi, kuma har lokacin ina ganin Okoye a gabana. Amma a watannin jinya na karanta ƙarshen labaran da ake ba mu farkonsu. Okoye kaka shida ya buga, ciwon gwiwa ya raba shi da wasan bayan 1992. Bo Jackson, wanda ya kai matakin zaɓaɓɓu a futbol da besbol duka, rauni ɗaya a ƙugu a Janairun 1991 ya kawo ƙarshen futbol ɗinsa yana ɗan shekara 28, sai a 1995 ya koma Auburn ya kammala digirinsa. Alƙaluman NCAA da kanta sun nuna cewa cikin 'yan futbol ɗari na kwaleji, waɗanda NFL ke zaɓa ba su kai biyu ba, kuma mafi yawansu daga manyan jami'o'i suke fitowa. Na kuma karanta aikin likita Bennet Omalu, ɗan Najeriya, wanda a 2005 ya wallafa binciken da ya nuna lalacewar ƙwaƙwalwa a jikin tsohon ɗan wasa Mike Webster, wanda shi ma a sahun gaba ya yi rayuwarsa yana karo da kai, sai na tuna lokutan da na tashi daga karo ina ganin haske-haske na koma layi.

Na kira mahaifina na shimfiɗa masa komai, na ce, "Baba, idan na bar futbol kuɗin zai ragu, idan na koma kuma ban san abin da zai sami ƙafar ba." Ya yi shiru na wani lokaci, sannan ya tambaye ni zango nawa ya rage in gama. Da na gaya masa sai ya ce, "To ka bar musu ƙwallonsu, ka gama abin da ya kai ka. Allah ba zai hana mu yadda za mu yi ba." Washegari na je ofishin koci na mayar da littafin dabaru. Ya yi mini fatan alheri, na fito na zauna a kan wani benci na daɗe ban iya tashi ba.

Ragowar karatun da wanke-wanke na cike shi. Bizar ɗalibi ta yarda a yi aikin awa 20 a mako a cikin makaranta, don haka na kama aiki a ɗakin cin abinci, ina wanke farantan mutanen da a bara suke kiran sunana daga kan kujerun kallo. Da farko abin ya yi mini nauyi, daga baya na saba. Na koma jifan dalma kaɗai a shekarar ƙarshe, ban sake kai nisan da na kai a da ba, domin ƙafar hagu ta daina yarda in kafa ta da dukan ƙarfina, amma na samu na hau mumbarin karɓar lambar yabo a gasar rukuninmu, kuma wannan lambar ta tagulla ta fi mini duk na baya wahalar samu. Na kammala digiri a fannin kimiyyar motsa jiki, na dawo gida na yi hidimar ƙasa, mahaifina kuma ya riƙe takardar a hannunsa kafin Allah ya karɓi ransa.

Yanzu ina koyarwa a wata makaranta a Kaduna, da yamma kuma ina horar da yara masu jifa. Gwiwar tana tashi idan hunturu ya shigo, zaman tahiya yana yi mini wuya, kuma likita ya gaya mini cewa masu irin wannan rauni, musamman idan guringuntsi ya taɓu, sukan gamu da amosanin gaɓɓai da wuri. Abubuwa sun canja tun bayan zamanina, domin daga Yulin 2021 an yarda 'yan wasan kwaleji su sami kuɗi da sunansu da hotonsu, ko da yake sharuɗɗan biza suna tauye ɗaliban ƙasashen waje a wannan fanni, kuma NFL da kanta ta fara zuwa Afirka neman matasa, ta yi sansaninta na farko a Ghana a 2022. Saboda haka yaran da ke zuwa wurina da mafarkin Amurka sun ƙaru. Ba na hana kowa, domin ni ma ta wannan hanya na yi karatun da iyayena ba za su iya biya ba. Abin da nake yi shi ne in nemi a kawo mini takardar tayin, in zauna da uban yaron mu karanta ta layi-layi, mu ga ko ta shekara ɗaya ce ko ta dukan karatun, wa zai biya kuɗin tiyata da na gashi idan an ji rauni, kuma mene ne makomar tallafin idan yaron ya kasa komawa fili. Idan wasa biyu aka nemi ya haɗa, ina ƙara tambayar a wane wata ne zai huta, kuma ina roƙon a rubuto amsar a takarda kafin a sa hannu.